ZUBAR JINI BAYAN ƊAUKEWAR HAILA: BAYANI GAME DA BINCIKEN MAHAIFA A ASIBITI

An shirya wannan ɗan littafi ne domin iyayenmu mata waɗanda suka manyanta, da kuma waɗanda nauyin kula da su ya rataya a wuyansu, watau mazajensu da 'ya'yansu da surukansu. Maganar da ke cikinsa ba a saba yin ta a zaure ba, ko a tsakar gida ma sai an rage murya. Amma fa ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Saboda haka ana roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wadda ba ta iya ba, in da hali kuwa mace ta karanta wa 'yar'uwarta mace.

YAUSHE AKE CEWA HAILA TA ƊAUKE?

Galibin mata sukan daina ganin jinin al'ada tsakanin shekara 45 da 55 da haihuwa. Kafin ya tsaya ɗungurungum yakan yi ta wasa, ya zo wannan wata, ya tsallake wata biyu ko uku, ya sake dawowa. A wajen likitoci ba a cewa haila ta ɗauke sai mace ta yi wata 12 cur a jere ba ta ga jini ba, alhali kuwa ba ciki ne da ita ba, ba ta shayarwa, ba ta kuma shan wani magani mai tsayar da jini.

To, daga wannan lokaci duk jinin da ya fito ta gaban mace ba haila ba ne. Ko da ɗigo ɗaya ne, ko ruwa-ruwa mai ɗan ja kamar wankin nama, ko baƙi-baƙi da ya ɓata zane, ko wanda ya biyo bayan saduwa da miji, ko sau ɗaya tak ya zo ya tafi, lalle ne a kai maganar asibiti. Yawan jinin ko ƙarancinsa ba ya nuna girman cutar. Rashin jin ciwo kuma ba shaidar lafiya ba ne, domin cututtukan da aka fi jin tsoro a wannan wuri sukan fara ne ba tare da wani zafi ba.

Mun san abubuwan da akan faɗa a gida. Wata a ce mata yarinta ce ta dawo, har a yi mata ba'a ta yi dariya. Wata a ce tsohon ciki ne da ya kwanta yake motsi. Wata a ce basir ne, wata kuma a ce jifa ne ko iska, a shiga neman jiƙo da hayaƙi. Da yawa kuma tambayar da ke damunsu ita ce ta ibada, sai su aika wa malami ya faɗa musu hukuncin wannan jini, da zarar sun sami amsa sai hankalinsu ya kwanta. Tambayar malami tana da muhallinta, babu mai hana ta. Sai dai tambayar inda jinin ya fito da abin da ya jawo shi, wannan ta likita ce, kuma ɗaya ba ta ɗauke wa ɗaya.

ABIN DA KE KAWO SHI

Bari mu fara da abin da zai kwantar da hankali. Mafi yawan matan da suka ga irin wannan jini ba ciwon daji ne da su ba. Sanadin da ya fi yawa shi ne bushewar fata. Idan haila ta ɗauke, jikin mace yakan rage yin wani sinadari da ake kira istirojin, wanda shi ne ke sa fatar farji da shimfiɗar cikin mahaifa su yi kauri da laushi. In ya ragu sai fatar ta yi siriri, ta bushe, abu kaɗan ya sa ta tsage ta yi jini, kamar yadda leɓe ke tsagewa da hunturu. Maganin wannan mai sauƙi ne.

Akwai kuma ɗan tsiro mai laushi da kan fito a cikin mahaifa ko a bakinta, wanda yawancinsa ba mugu ba ne, cire shi kawai ake yi. Akwai kaurin shimfiɗar mahaifa fiye da kima, wanda shi ma ba daji ba ne, amma wani irinsa yakan rikiɗe ya zama daji in an ƙyale shi. Akwai ciwon sanyi. Akwai magunguna, kamar masu tsinka jini irin su warfarin, da maganin tamoxifen da ake ba masu ciwon dajin nono, da magungunan sinadari da ake ba wasu mata saboda zafin jiki da zufar dare. Haka kuma matsi da cushe-cushen da wasu ke yi da sunan gyaran jiki suna iya ƙona wurin ko su yi masa rauni. Wani lokaci ma jinin daga mafitsara yake ko daga dubura, mace ta ɗauka ta gaba ya fito.

Amma dalilin da ya sa ba a wasa da maganar shi ne wannan. A lissafin da aka tattara daga ƙasashe da dama, kimanin mace 1 cikin 10 da suka zo asibiti da wannan jini akan same su da sankarar cikin mahaifa. Idan kuma aka juya lissafin, wajen 9 cikin 10 na matan da ke da wannan sankara jini ne alamar da ta nuna ta. Watau cuta ce mai yin sallama tun tana bakin ƙofa. In an tare ta ba ta wuce mahaifa ba, aka yi aiki aka cire, fiye da 9 cikin 10 suna nan da ransu bayan shekara 5 a ƙasashen da ake riƙe da irin wannan lissafi. In kuwa aka bari ta bazu, magana ta canza. Ta fi kama mata masu ƙiba sosai, da masu ciwon sukari, da waɗanda ba su taɓa haihuwa ba, da waɗanda hailarsu ta yi jinkirin ɗaukewa, da waɗanda ake samun dajin mahaifa ko na hanji a danginsu. Amma rashin waɗannan ba ya wanke kowa.

A ƙasarmu akwai wata ta biyu wadda ta fi wannan yawa da ɓarna, ita ce sankarar bakin mahaifa. Cuta ce dabam, wurinta dabam, sanadinta dabam, ƙwayar cuta ce mai suna HPV ke jawo ta, kuma takan yi shekaru da yawa a ɓoye kafin ta bayyana. In ban da sankarar nono, babu dajin da ya fi ta kama mata a Nijeriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 an sami sababbin masu ita kimanin 12,000 a ƙasar nan, wajen 8,000 kuma suka rasu. Abin baƙin ciki shi ne yawancinsu ba sa isa asibiti sai jini ya ƙi tsayawa, ruwa mai wari ya fara zuba, ƙugu ya riƙe. Domin haka ne aka shigar da allurar rigakafin HPV cikin rigakafin yau da kullum ranar 24 ga Oktoba, 2023, aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta, kuma Babban Birnin Tarayya na cikin wuraren da aka fara. Wannan allura ta jikoki ce. Ita kaka, abin da zai tsare ta shi ne bincike.

INA ZA A JE?

Mazauna Abuja da kewayenta za su iya farawa daga asibitin da ya fi kusa da su, ko da ƙaramin asibitin unguwa ne, a ba su takardar turawa. Akwai sashen mata a manyan asibitocin gwamnati na Wuse da Asokoro da Maitama da Kubwa da Nyanya, haka nan a Bwari da Kuje da Kwali da Abaji. Idan abin ya buƙaci ƙwararru da manyan na'urori, sai a tura mace Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a shekarar 1999, tun asali ma domin mata da yara aka gina shi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jabi. A jihohi kuwa akwai asibitocin koyarwa irin su na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Maiduguri. Abin da za a nema shi ne ganin likitan mata. Kemis ba wurin wannan magana ba ne. Ƙwayar tsayar da jini tana iya tsayar da shi, amma cutar tana nan tana cin gabanta, an dai kashe fitilar da ke nuna ta ne kawai.

YADDA AKE BINCIKEN

Farko tambayoyi ne. Likita zai so ya san shekarar da haila ta ɗauke, da ranar da aka fara ganin jinin, da kamanninsa, da yawan haihuwa, da cututtukan da ake fama da su. Kamata ya yi a zo da dukkan magungunan da ake sha a cikin leda, har da na gargajiya, kada a ɓoye ko ɗaya. Ba faɗa za a yi wa kowa ba.

Sa'an nan sai duba jiki. Mace za ta kwanta a gado bayan labule, a rufe ta da zane, likita ya danna mara, ya sa wani ɗan ƙarfe ko roba mai kama da bakin agwagwa domin ya buɗe farji ya ga bakin mahaifa da idonsa. Nan ne yawancin iyayenmu suke tirjewa, kuma ba mu ga laifinsu ba. Matar da ta aurar da 'ya'ya, ta ga jikoki, ba ƙaramin abu ba ne a ce ta kwanta gaban wanda bai wuce sa'an ɗanta ba. To, a sani cewa tana da ikon ta nemi likita mace in akwai, tana da ikon a sa nas ko ungozoma ta tsaya a ɗakin, ko 'yarta ta shiga da ita. Tana da ikon a yi mata bayani da harshen da take ji kafin a taɓa ta, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta shekarar 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti su riƙe sirrin majinyaci. Idan wurin ya bushe ƙwarai, ta faɗa, akwai ƙaramin ƙarfe da man shafawa. A wannan dubawa ne akan shafo bakin mahaifa domin gwajin Pap ko na HPV, in kuma an ga wani rauni a wurin sai a ɗan tsinko nama a kai gwaji. A lura, gwajin Pap na bakin mahaifa ne. Ko ya fito lafiya lau, bai ce komai game da cikin mahaifa ba.

Daga nan sai hoto. Ba irin hoton ƙashi ba ne, irin wanda ake yi wa masu juna biyu ne, wanda jama'a ke kira sikanin. Wanda ake gogawa a kan mara ba ya nuna abin da ake nema sosai, don haka akan yi amfani da wani ɗan sanda siriri da ake sa wa riga ta roba a shigar ta gaba, bayan mace ta yi fitsari. Abin da ake aunawa shi ne kaurin shimfiɗar cikin mahaifa. In bai wuce milimita 4 ba, watau kimanin kaurin ƙwayar dawa, da wuya a ce akwai daji. In ya wuce haka, ko hoton bai fito sarai ba, sai a ci gaba.

A nan akwai wani gargaɗi da ya shafe mu musamman. Ƙarin mahaifa ya fi yawa a jikin mata baƙar fata, kuma yakan tare hoton ya hana a auna daidai. Binciken da aka yi a Amurka a 'yan shekarun nan ya nuna cewa wannan awo yakan kuskure wa daji a jikin baƙaƙen mata fiye da fararen. Saboda haka idan an ce hoto ya yi kyau amma jini ya sake zuwa, kada a ce ai an riga an duba. A koma, a nemi a ɗebo nama.

Ɗebo naman ba tiyata ba ce. Ana yin sa a ɗakin ganin likita da wani bututun roba mai suna Pipelle, wanda kaurinsa bai fi na bututun tawadar biro ba. A zura shi ta bakin mahaifa, a zuƙo ɗan abin da ke shimfiɗe a ciki, cikin 'yan mintoci an gama. Ba za mu ce babu zafi ba. Akan ji murɗar mara irin ta lokacin al'ada, wata kaɗan, wata sosai, amma ba ta daɗewa.

LEƘEN MAHAIFA

Idan naman da aka ɗebo bai isa ba, ko ana zaton akwai tsiro, ko jini ya ƙi daina dawowa, sai a yi abin da likitoci ke kira histaroskofi, watau leƙa cikin mahaifa da madubi. Wani siririn bututu ne mai fitila da kyamara a bakinsa. Ana bi da shi ta hanyar da jinin al'ada ke fitowa, babu yanka babu ɗinki. Ana tura ruwan gishiri irin na ƙarin ruwa domin mahaifa ta buɗe, sai cikinta ya fito a allo kamar na talabijin. Likita ya ga wurin da ke da matsala, ya tsinko nama daga daidai wurin, in ɗan tsiro ne ma sau da yawa a cire shi nan take. Abin sha'awa, karo na farko da aka rubuta an yi wannan aiki a duniya shi ne a shekarar 1869, lokacin da wani likita mai suna Pantaleoni ya leƙa mahaifar wata mata 'yar shekara 60 mai fama da irin wannan jini, ya sami tsiro a ciki. Ashe tun farkonsa domin tsofaffi aka fara shi.

In ana yin sa mace tana farke, yakan ɗauki minti 10 zuwa 15, kuma ana shawartar ta sha maganin ciwo kamar farasitamol awa ɗaya kafin a fara, ta kuma ci abincinta. Mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda kada ta sha ibufurofen sai da izinin likita. Idan zafi ya yi yawa ta ce a tsaya, wajibi ne a tsaya. Ba gazawa ba ce. Bakin mahaifar wasu yakan tsuke bayan ɗaukewar haila, musamman wadda ba ta taɓa haihuwa ba, irin waɗannan sai a yi musu allurar kashe zafi ko ta barci a ɗakin tiyata. Wadda za a sa barci za a ce ta bar cin abinci kimanin awa 6 kafin aiki, kuma lalle ta zo da wanda zai mai da ita gida. Masu ciwon sukari da hawan jini da masu shan maganin tsinka jini su tambaya tun da wuri yadda za su yi da magungunansu, kada su tsayar da kansu.

Ba kowane asibiti ke da wannan madubi ba. Inda babu, akan yi wankin mahaifa, wanda mata suka sani bayan ɓari. Bambancin shi ne a nan ba wankin ne abin nema ba, abin da aka kankaro shi ne abin nema. Duk wankin da aka yi wa tsohuwa aka zubar da abin da ya fito ba a kai shi ɗakin gwaji ba, an yi aikin banza, an kuma ɓata kuɗi. 'Yan rakiya su tambaya da bakinsu: an aika da naman gwaji? Yaushe sakamako zai fito?

Bayan an gama, ɗan ciwon mara da ɗigon jini na 'yan kwanaki ba abin damuwa ba ne. A yi amfani da audugar mata ko tsabtataccen ƙunzugu, a dakata da saduwa har jinin ya tsaya, kada a cusa komai, kada a yi tsuguno a kan hayaƙi. Galibi washegari mace ta koma harkokinta. Amma in zazzaɓi ya zo, ko jini ya ɓalle da gudaji, ko ruwa mai wari, ko ciwon ciki mai tsanani da ba ya jin magani, a koma asibiti a ranar, ko da dare ne. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, yakan nuna ƙwayoyin cuta sun shiga ko an ɗan huda mahaifa, kuma duka biyu ana maganinsu.

SAKAMAKO DA ABIN DA KE BIYO BAYA

Naman da aka ɗebo sai an yanka shi siriri an duba a madubin likita, don haka sakamako yakan ɗauki mako biyu ko fiye, gwargwadon asibiti. Wasu sukan ga jini ya tsaya sai su ƙi komawa karɓa, takarda ta yi ta kwana a ɗakin gwaji alhali amsar da ake nema tana cikinta. Wannan kuskure ne babba.

In bushewa ce, akwai man istirojin da ake sa wa a wurin. In tsiro ne, an riga an cire ko za a sa rana. In kauri ne, akan ba da ƙwayoyin wani sinadari ko a sa 'yar roba mai magani a cikin mahaifa, a riƙa sake dubawa, wani irin kuma a ba da shawarar cire mahaifar. In kuwa daji ne na cikin mahaifa, babban maganinsa aiki ne, a cire mahaifa da gidan ƙwai, wani lokaci a bi da gashi na na'ura ko allurai. Na bakin mahaifa in ya ɗan yi nisa gashi da allurai ake haɗawa, kuma Asibitin Ƙasa na cikin wuraren da ke da na'urar gashi. Matar da haila ta ɗauke mata, mahaifarta ta gama aikinta, cire ta ba ya rage mata mutunci, ba ya hana zaman aure bayan ta warke. Jita-jitar cewa in wuƙa ta taɓa daji sai ya haukace ba ta da tushe. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa a makare, sai a ɗora wa aikin laifin jinkiri.

GA MAZAJE DA 'YA'YA

Sau da yawa tsohuwa ba za ta faɗa wa ɗanta namiji ba, ba za ta faɗa wa maigida ba, sai dai 'yarta ko surukarta ta lura da zanen da take wankewa a ɓoye. Wadda ta lura kada ta yi shiru don kara. Maigida kuma in maganar ta iso gare shi, izini da kuɗin mota ake nema a wurinsa, ba tambayar me ya sa sai namiji zai duba ta ba.

Batun kuɗi gaskiya ne, hoto da gwajin nama da leƙen mahaifa duk ana biya, kuma farashi ya bambanta daga asibiti zuwa asibiti. A tambaya tun farko, a biya a inda aka tanada, a karɓi rasit. Dokar inshorar lafiya ta shekarar 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan ƙasa, don haka wadda ke da kati, nata ko na mijinta, ta zo da shi ta tambayi abin da ya ƙunsa. A shekarar 2021 Gwamnatin Tarayya ta fara wani asusu na taimaka wa marasa ƙarfi masu dajin nono da na bakin mahaifa da na mafitsarar maza a wasu manyan asibitoci, ciki har da Asibitin Ƙasa da na Shika. Wadda aka tabbatar tana da cutar, danginta su nemi ofishin jin daɗin majinyata na asibitin su tambayi yadda ake shiga.

Ranar zuwa asibiti a tafi da sassafe, a riƙe katin asibiti da tsofaffin takardun gwaji da ledar magunguna da audugar mata da zane na canji. Ba sai an jira jinin ya tsaya ba, ba kuma sai an jira ya sake zuwa ba.